Ciwon ƙwauri ya hana ni tsallen igiya: in daure ko in dakata?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar manya nake nema. Wata biyu ke nan da na fara koyon damben boksin. Makon farko ko minti ɗaya ba na iya yi da igiya ba ta harɗe ni ba, numfashi kuma kamar zai ɗauke. Da hannuna ya faɗa sai abin ya shiga raina, na koma turmi shida, kowane turmi minti 3, kwana biyar a mako. Ga gudun asuba sau uku. Yau kwana goma ƙwaurina duka biyu na ciwo, ta gefen ciki, daga ɗan saman idon sawu har wajen tsakiya. Da farko in na soma tsalle sai ya yi zafi, in jiki ya ɗumama ya lafa, in na huce ya dawo. Yanzu kuwa da safe in na sauko daga gado na taka ƙasa ina jin sa, saukowa daga bene ma sai na dafa bango. A kan daɓen siminti nake yi, da takalmin dambe. Don Allah in ci gaba ne har ƙafar ta saba, ko in tsaya?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Yaro, wannan kowa ya sha shi. Babu wanda ya riƙe igiya bai ji ƙwaurinsa ba. Mu a zamaninmu ba ma ko faɗa wa koci, sai dai ka ɗaure ƙafar ka ci gaba. Wuya ba ta kisa. Mako biyu zai wuce.

Koci:
Yaya Tsohon Hannu, girmanka ne, amma a nan ban bi ka ba. Kafin a yi maganar dauriya bari mu yi lissafi. Mai tsalle daidai wa daida yana yin kamar 130 a minti ɗaya. Turmi ɗaya 390 ke nan. Turmi shida, 2,340. Kwana biyar, 11,700. Wato wannan ɗan'uwan namu, wanda wata biyu da suka wuce ba ya yin ko ɗaya, yanzu yana dira a kan ƙashi ɗaya fiye da sau dubu goma sha ɗaya a mako, kan siminti, ba a ma sa gudun asuba a ciki ba. Wace ƙafa ce ba za ta yi kuka ba?

Sabon Shiga, ajiye igiyar nan tukuna. Ba dambe na ce ka bari ba, igiya da gudu na ce.

Sabon Shiga:
Wallahi Koci ban taɓa lissafa shi haka ba. Ni dai da na ga numfashina ya ƙaru sai na ɗauka jikin ya shirya.

Likitar Gashin Ƙashi:
Wannan magana taka ta ƙarshe ita ce gaba ɗayan matsalar, ƙanena. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni za ka ga bambanci. Tsoka na biye musu. Ƙashi shi ne na baya, shi sai an yi watanni. To kai huhunka ya ce a ƙara, ka ƙara, ba ka tambayi ƙashi ba.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa. Tun 1892 wani likitan tiyata Bajamushe, Julius Wolff, ya rubuta cewa ƙashi yana sauya ginuwarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Sai dai abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, rushewar ce ke fara zuwa kafin ginin. In ka ɗora wa ƙashin ƙwauri sabon aiki, jiki zai fara kwashe ɓangaren da ya gaji, sannan ya cike gurbin da sabo mai ƙarfi. A tsakanin nan ƙashin ya fi rauni. In ka ba shi hutu sai ya fito da ƙarfi fiye da da. In ka ci gaba da dirar masa kullum, ɓarna ta riga gyara.

Abin da ka kwatanta, ciwo a gefen ciki na ƙwauri, mai faɗi, yana lafawa in jiki ya ɗumama, ya yi kama da wanda likitoci ke taƙaita sunansa da MTSS. A wannan gefen ne tsokoki na can cikin sha-raɓa suke manne da ƙashin, kuma nan ne ƙashin ke ɗan lanƙwasa duk sa'ad da ka dira. Amma ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Ka yi mini abu ɗaya: zauna, ka bi gefen ƙashin da yatsa kana dannawa a hankali daga idon sawu zuwa sama. Ciwon a shimfiɗe yake, ya kai tsawon yatsu uku ko huɗu a jere ko fiye, ko kuwa akwai wuri ɗaya tak da za ka iya rufewa da kan yatsa, wanda in ka taɓa sai ka zabura?

Sabon Shiga:
Na gwada yanzu, Likita. A shimfiɗe yake, ya kai tsawon tafin hannuna. Na hagu ya fi zafi. Babu wani wuri ɗaya da ya fita daban.

Likitar Gashin Ƙashi:
Alhamdulillahi, wannan ya fi sauƙi. Ƙa'idar da muke bi ita ce, ciwon da ya bazu santimita 5 ko fiye a gefen ƙashin ya fi kama da MTSS, wanda ya taru wuri ɗaya kuwa shi ke sa mu zargin tsagewar ƙashi. Duk da haka, tunda ka ce har tafiya da saukowa bene kana ji, in ka huta mako biyu bai ragu ba, ka je a duba ka ido da ido.

Tsohon Hannu:
Hajiya Likita, da girmamawa, ku dai komai sai kun mai da shi cuta. Muhammad Ali da Sugar Ray Robinson da Roberto Duran duk da igiya suka tashi. Wa ya taɓa jin sun ajiye ta saboda ƙwauri? Yaran yanzu an lallaɓa su da yawa, shi ya sa turmi uku ke gagarar su.

Bahago:
Baba, bari in ba ka labarina, don ni shawara irin taka na bi. Shekara uku da suka wuce ina shirin gasa, ciwon nan ya kama ni a ƙafar dama. Aka ce in daure, na daure. Ina shan maganin kashe zafi kafin atisaye, in naɗe ƙwaurin da bandeji in hau igiya. Bayan kamar wata guda ciwon ya bar faɗi ya tattaru wuri ɗaya, daidai faɗin kan babban yatsa, har da ɗan kumburi a wurin. Dare ya yi ina kwance ban taka komai ba, yana zuga kamar ana buga ƙusa. Ranar da na san ta ɓaci, na gwada tsalle da ƙafar ita kaɗai, ko sau ɗaya ban iya ba, sai da na zube na riƙe wurin.

Na je aka ɗauki hoton ƙashi aka ce ba a ga komai ba. Na yi murna na koma. Mako biyu bayan haka aka yi MRI, wato hoton da ya fi nuna cikin ƙashi dalla-dalla, ga tsaga nan. Gasar ta wuce ni, na yi makonni da takalmin roba mai tauri, wata uku ban taɓa igiya ba. Da na ajiye ta mako biyu tun farko da ban rasa wata uku ba. Har yau in na tuna ranar da na zauna a gefe ina kallon wanda ya kamata in kara da shi yana hawa dandalin dambe, raina na ɓaci.

Likitar Gashin Ƙashi:
Allah ya ƙara lafiya, ɗan'uwa. Kuma abin da ya same ka da hoton farko ba baƙon abu ba ne. Irin wannan tsagar sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum a makonni biyu zuwa uku na farko, shi ya sa in alamu sun nuna ake neman MRI. Wanda ciwonsa ke gaban ƙashin sosai, kan tudun ƙwaurin, ya fi kowa bukatar gaggawa, domin tsagar wannan wurin ba ta saurin haɗewa.

Koci:
Yaya, su waɗanda ka lissafa tun suna yara suke tsallen nan. Ali yana ɗan shekara 12 ya fara dambe. Kafin duniya ta gan shi ƙashinsa ya yi shekaru yana sabawa. Ba za ka ɗauki baligi mai wata biyu ka ce ya yi aikin mai shekara goma ba. Kuma kai da ka daure ka warke, Allah ya taimake ka ne. Waɗanda suka daure suka karye ba sa nan zauren balle su ba da labari, sun bar damben.

Tsohon Hannu:
To na ji ta tsagewar ƙashi, wannan ba wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Amma ina nan kan bakana cewa ba kowane ɗan zafi ne ake ajiye igiya dominsa ba. In haka ne babu mai zama ɗan dambe.

Koci:
A nan mun haɗu. Tsamin tsoka daban, ciwon ƙashi daban. Sha-raɓarka ta yi tsami kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, wannan ci gaba abinka. Amma zafin da ke kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa kana cikin tsalle, ko ya kwana ya tashi da kai, wannan ba na jarumta ba ne.

Mai Gudun Asuba:
Ni tambayata kan takalmi ce. Ya ce da takalmin dambe yake yi. Ba shi ne daidai ba? Ai don dambe aka yi shi.

Koci:
Don cikin zobe, wato dandalin dambe, aka yi shi. Ka ɗaga shi ka duba ƙasansa: siriri ne, shafal, don ka ji ƙasa ka juya da sauri. Shi kuwa dandalin dambe katako ne da soso a ƙarƙashin tamfol, yana ɗan lotsawa. Ka ɗauki wannan takalmin ka kai shi kan siminti, babu soso a takalmi, babu a ƙasa, to ƙashinka ne ya zama soson. Ni yarana sababbi da takalmin motsa jiki mai ɗan laushi a gaba suke tsalle, na damben sai za su hau zobe ko aikin fad, wato naushin 'yan matasan da koci ke riƙewa a hannu.

Wurin tsallen ma haka. Daɓen katako ya fi, sai shimfiɗar roba mai kauri. In a gida kake kuma siminti kawai gare ka, samo falankin katako mai faɗi ka ɗora kan tsohon kafet. Kada kuma a zarce a koma kan katifa ko yashi mai zurfi, nan idon sawu da agara ne za su biya.

Mai Gudun Asuba:
Na gane. Mu masu gudu ana ce mana takalmi ya yi kilomita 500 zuwa 800 a canza shi, ko da samansa bai yage ba, don soson ciki ya riga ya mutu. Ina ga na tsalle ma in gabansa ya kwanta a duba shi.

Bahago:
Wani abin da ya gyara ni bayan na warke shi ne kunne. Kocina ya ce in rufe ido in saurari ƙafata. In ana jin dif, dif, dif daga ɗaya gefen ɗakin, to dukan ƙasa nake yi, ba tsalle ba. Abin da ya kamata a ji shi ne tas, tas na igiya, ƙafar kuwa da kyar. Da na sa aka ɗauke ni bidiyo sai na ga ina tashi sama kusan taƙi guda, ina kuma naɗe ƙafafu baya. Igiyar nan kaurinta bai kai na fensir ba, santimita biyu ko uku sun ishe ta wucewa.

Sabon Shiga:
Wannan ni ne sak. Maƙwabcina na ƙasa har ya taɓa yi mini magana kan ƙarar. To dunduniya fa? Wani ya ce mini kada ta kuskura ta taɓa ƙasa, shi ya sa nake tsayawa kan 'yan yatsu ƙyam.

Koci:
Wanda ya faɗa maka ya faɗi rabi ya bar rabi. Ba a dira da dunduniya, gaskiya ne, ba a kuma dira da tafin ƙafa gaba ɗaya. A kan tudun nan da ke bayan yatsu ake sauka. Amma bayan ka sauka sai ka bar dunduniyar ta yi ƙasa, ta kusa taɓawa ko ta ɗan shafa, gwiwa a sake, ba a ƙage ba. Wannan saukowar ita ke shanye nauyin. Mai tsayawa can ƙololuwar yatsu minti 18 ya ɗaure sha-raɓarsa tamau, tana ta jan gefen ƙashin da take manne da shi.

Sannan ka koyi takun 'yan dambe, wato kana sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, ɗaya na ɗauka ɗaya na ɗan taɓa ƙasa tana hutawa. Ka kalli Floyd Mayweather yana igiya, ba ya daɗewa kan salo ɗaya. Ba ado kawai ba ne, sauya salo na raba aikin ga wurare daban-daban. Tsallen da igiya ke zagayawa sau biyu kafin ka dira kuwa, manta da shi sai nan gaba, don dole ka tashi sama sosai.

Ka duba tsawon igiyar ma. Taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya ka ja hannayen sama, su kai wajen hammata. In ta yi gajarta za ta tilasta maka tsalle mai tsawo. Kuma wuyan hannu ke juya ta, ba kafaɗa ba.

Ɗan Kik:
A wajenmu masu shuri ana murza kwalba ko sanda a kan ƙwauri don ya yi tauri. Ba zai taimaka masa ba?

Likitar Gashin Ƙashi:
A'a, don Allah kada ya yi. Murza kwalba a kan ƙashin da ke ciwo ƙara masa rauni ne. Abin da take yi shi ne dusashe jin zafin fata, ba ta gyara abin da ke faruwa cikin ƙashin. In tausa ce, a yi wa naman sha-raɓa, a bar ƙashin.

Haka ƙanƙara: a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, tana rage zafi, amma ba ita ke warkarwa ba. Safar matsi da bandeji su ma jin daɗi ne kawai. Maganin kashe zafi kafin atisaye kuwa, kun ji abin da ya yi wa Bahago. Rage nauyin aiki shi ne maganin, sauran duk 'yan rakiya ne.

'Yar Dambe:
Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma mu mata ya fi shafa, ko da yake maza ma ba su tsira ba. Rage nauyin jiki don shiga ajin nauyin da za a kara a gasa. Lokacin da ciwon nan ya fi damuna shi ne lokacin da nake matse cikina don in sauka aji ɗaya, ina cin abinci kaɗan, ina ƙara igiya da rigar zufa. Har al'adata ta ɗauke wata uku, na ɗauka alamar na dage da atisaye ce. Likita ce ta zaunar da ni ta ce jikin da ba ya samun isasshen abinci ba shi da abin gina ƙashi. 'Yan'uwa mata da ke karantawa ba sa magana, in kun ga haka kada ku yi shiru.

Likitar Gashin Ƙashi:
Allah ya saka da alheri, ƙanwata, kin faɗi abin da da yawa ke jin nauyin faɗa. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya kan wannan a 2014, ya kira shi RED-S, wato ƙarancin abinci idan aka gwada da yawan aikin da ɗan wasa ke yi, ya kuma bayyana cewa har maza yana kamawa. Ɗaukewar al'ada alama ce babba, kuma tana tafiya da raunin ƙashi. A kula da sinadarin kalsiyam da bitamin D, da barci isasshe.

Tunda ana lissafa alamu, ga wata da ba a so a rikita da wannan. In ƙafa na cika tam kamar za ta fashe bayan wasu mintuna da fara atisaye, kusan lokaci ɗaya kullum, da dindiris ko mutuwar saman ƙafa, sannan ta sake bayan an huta kaɗan, wannan matsin tsoka ne a cikin kubenta, wata cuta ce daban, sai likita.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To yanzu me zan riƙa yi? Tsorona kada in zauna numfashin da na sha wuya na samu ya zube.

Koci:
Ba zama za ka yi ba. Buhun naushi na nan, naushin iska na nan amma ƙafa a ƙasa ba tsalle-tsalle, aikin ciki na nan. Numfashi kuma keke ko iyo za su riƙe maka shi. Kullum ka yi ɗagen dunduniya a bakin matakala, ka hau a hankali ka sauko a hankali, wani da gwiwa a miƙe, wani da gwiwa a ɗan lanƙwashe, don na biyun ne ke kama tsokar ciki. Ka jingina bayanka da bango ka riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama, sannan ka yi 'yar tafiya a kan dunduniya. In wani cikinsu ya tayar da ciwon ƙashin, rage.

Sharaɗin komawa igiya a wurina: ka yi kwana bakwai kana tafiya da hawa bene ba zafi, ka danna ƙashin ba zafi, ka yi tsalle goma da ƙafa ɗaya ba zafi. Sannan ka fara da daƙiƙa 30 tsalle, daƙiƙa 30 hutu, sau biyar ko shida. Yau ka yi, gobe ka bari. Washegari da safe ƙafar za ta ba ka amsa, in shiru ka ƙara kaɗan a mako na gaba, in ta yi magana ka koma baya. Kuma kada ka dawo da igiya da gudu a mako ɗaya, ɗaya ya zauna tukuna.

Tsohon Hannu:
Daƙiƙa 30! Koci, wannan ai ko zufa ba zai yi ba. Amma ɗagen dunduniyar nan na yarda da shi, mu ma mun yi, da mutum a kafaɗa ma. Yaro, bi maganar kocin, amma buhun nan kada ka raga masa.

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako biyar. Sai da na yi kwana 19 kafin in iya tsalle da ƙafar hagu ba zafi, ta dama ta riga ta da kusan mako guda. Na samo falanki na ɗora kan kafet, na koma tsohon takalmina na motsa jiki. Mako na biyu da komawa na yi gaggawa, na yi kwana biyu a jere, da safe na ji ɗan zafi a hagu, sai na ba shi kwana uku. Yanzu ina turmi uku na minti 2, sau uku a mako, da takun sauya ƙafa, kuma maƙwabcin nan ya tambaye ni ko na daina ne. Gudu ban koma ba tukuna. Koci, in zan dawo da shi, ranar igiya zan haɗa su ko ranar da ba na igiya?

Koci:
Wa alaikumus salam, madalla. Haɗa su rana ɗaya, gudun ya zama gajere, minti 10 zuwa 15 a kan ciyawa ko ƙasa, ka rage turmi ɗaya a igiyar ranar. Washegari ƙafar ta samu cikakken hutu daga dira. Ka yi haka mako biyu ka dawo ka faɗa mana yadda hagun ta kwana.